Fitila mai ƙarfi, haske marar nisa: fashin baƙi kan kwanon bayan ƙwai

Me ya sa mutum zai sayi ƙwan fitila mai wat 100, ya kafa shi cikin kwano mai sheƙi da ya ƙera da hannunsa, amma hasken ya kasa kai inda 'yar tocila mai wat 5 ke kaiwa? Me ya sa kuma direbobi a ƙasashe da dama ke kukan cewa fitilun motoci na kashe musu ido da dare, alhali masu motocin da ake kuka da su na cewa su ma ba sa ganin hanya sosai? Tambayoyin biyu tushensu ɗaya ne. Tun da ƙwayayen LED masu ƙarfi suka yawaita, jama'a suka koma auna fitila da wat kawai. An manta da kwanon da ke bayan ƙwan, wanda shi ke yanke inda hasken zai dosa, an kuma manta cewa kowane kwano da irin ƙwan da ya dace da shi.

Kwano ba ya ƙara haske

Kwano ba ya ƙara ko ɗigon haske. Ragewa ma yake yi, domin babu madubin da ke mayar da duk abin da ya faɗa masa. Aikinsa shi ne ya kwaso hasken da zai ɓata a baya da gefe, ya tura shi inda ake bukata.

Akwai ma'aunai uku da ake yawan cakuɗawa. Lumen shi ne jimillar hasken da ƙwai ke fitarwa ta kowane ɓangare. Kandela ita ce ƙarfin hasken da ya fuskanci ɓangare guda. Luks kuma shi ne yawan hasken da ya sauka a kan abin da ake haskawa, kuma ana samunsa ne idan aka raba kandela da nisan sau kansa. Wat kuwa wutar da ƙwan ke ci ce kawai.

A ɗauki ƙwai mai lumen 1,000 da ke watsa haske ko'ina daidai. Ƙarfinsa ta kowace fuska kandela 80 ne ko kusa da haka. A nisan mita 50, abin da zai sauka bai wuce luks 0.03 ba, wato ko farin wata na daren sha huɗu ya fi shi. Idan aka tattara wannan hasken cikin kusurwa mai faɗin digiri 10, ko da rabinsa ya salwanta a hanya, za a samu kandela 20,000, wato luks 8 a wannan nisa. Ninki kusan 250 ke nan, kuma ƙwan bai ci ƙarin wuta ko kaɗan ba. Wasu na kwatanta abin da matse bakin tiyo: ruwan bai ƙaru ba, amma ya yi nisa. Kwatancen ya yi, sai dai haske yana da iyakar da ba ya matsuwa fiye da ita, kuma nan gizo ke saƙar.

Siffofi uku da aikin kowace

Doka ɗaya ce ke tafiyar da komai: kusurwar da haske ya faɗa wa madubi, da irinta yake tashi. Saboda haka lanƙwasar kwano a kowane wuri ita ke nuna inda hasken da ya taɓa wurin zai nufa.

Siffar da aka fi sani ita ce farabola, wato lanƙwasa irin ta kwanon satilayit. Tana da wuri guda a cikinta da za mu kira matattara. Duk hasken da ya tashi daga matattara ya bugi jikin kwanon, zai fita a miƙe, layi-layi, ba tare da bazuwa ba. Wannan ilimi tsoho ne. Diocles na Girka ya tabbatar da shi kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Ibn Sahl ya yi rubutu a kan madubai masu ƙona abu a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibnul Haisam ma ya faɗaɗa bincike a kai bayansa. Su hasken rana suke tattarawa wuri guda, mu kuma juya hanyar muke yi, mu sa fitila a matattara ta harba waje.

Ta biyu ita ce elifs, wato da'irar da aka ja ta yi tsawo. Matattararta biyu ce. Hasken da ya tashi daga ta farko yana haɗuwa a ta biyu. Ita ake amfani da ita idan ana so a cusa haske ta ƙaramar kafa, kamar a majigi, da fitilun dandamali, da fitilun mota masu dunƙulen gilashi a gaba. Ita kaɗai ba ta harba haske nesa, sai an haɗa ta da gilashin da zai miƙar da shi bayan ya wuce matattara ta biyu.

Ta uku ita ce ɓarin ƙwallo. Idan ƙwai yana tsakiyarsa, hasken da ya tafi baya yana dawowa inda ya fito, ya wuce gaba. Ga kuskuren da aka fi yi a gida: yawancin kwanukan da mutum zai tsinta sun fi kusa da ɓarin ƙwallo, ko kuma gindinsu a shafe yake. A ido suna kama da farabola, amma gefensu na jefa haske wani wuri dabam da inda tsakiyarsu ke jefawa.

Girman abin da ke haske shi ne iyaka

Lissafin farabola ya ɗauka cewa hasken na fitowa daga ɗigo marar faɗi. Babu irin wannan fitila a duniya. Filamen, wato siririyar wayar da ke ci a cikin ƙwai, tana da tsawo. Allon LED yana da faɗi. Wuri guda ne kawai a jikinsu zai zauna daidai kan matattara, sauran duk suna gefe, kuma hasken da ya fito daga gefe a karkace yake fita. Kowane ɗan yanki na kwanon hoton filamen ɗin yake jefawa gaba, abin da muke gani a bango kuma tarin waɗannan hotuna ne a kan juna.

Ana iya ƙiyasta bazuwar cikin sauƙi: a raba girman abin da ke haske da nisansa daga jikin kwanon. A ɗauki kwano mai faɗin baki santimita 20, zurfi santimita 10, wanda matattararsa ke santimita 2.5 daga gindi. A sa filamen mai tsawon milimita 5. Gindin kwanon yana kusa da filamen, don haka hoton da yake jefawa na bazuwa da kimanin digiri 11, wato faɗin mita 10 a nisan mita 50. Bakin kwanon kuwa yana nesa da matattara da santimita 12.5, hotonsa bai wuce digiri 2 da ɗan ɗoriya ba, wato mita 2 a wannan nisa. Shi ya sa hasken tocila ke da tsakiya mai ƙarfi da kewaye mai laushi. Tsakiyar nan daga bakin kwano take zuwa, kuma wanda ya ƙera kwano ya yi sakaci da bakinsa ya zubar da mafi amfanin ɓangarensa.

Yanzu amsar tambayar farko ta fito. LED ɗin tocila mai kyau faɗinsa milimita 1 zuwa 2 ne. Allon LED mai wat 100 da aka fi samu kuwa faɗin wurin haskensa kan kai santimita 2 ko fiye. Lumen ɗinsa sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma a baje suke kan fili mai faɗi. Kafin haskensa ya matsu kamar na tocila, sai an yi masa kwanon da ya ninka na tocilar sau 10 ko fiye a faɗi da zurfi. Babu gogewa ko dabarar lanƙwasa da za ta kauce wa wannan. Ƙarfin tsakiyar haske ya dogara ne da abu biyu: kaifin hasken da ke fita daga kowane milimita na ƙwan, da faɗin bakin kwano. Idan aka ninka faɗin bakin sau 2, kandela na ninkuwa sau 4. Wannan ne dalilin da ya sa fitilun neman jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu suka kai faɗin santimita 150, alhali abin da ke haske a cikinsu ɗan tartsatsi ne tsakanin sandunan kabon biyu.

A ganina wannan ne abin da ya kamata mai ƙera kwano ya fara sani kafin ya taɓa almakashi. Idan nisa yake so, ya nemi ƙwai mai ƙaramin wurin haske ko ya yarda da babban kwano. Idan fili yake so ya haska, babban allon LED ya dace da shi, kuma ba ya bukatar farabola ta gaske.

Kwano ɗaya, ƙwai biyu

Filamen na watsa haske kusan ta ko'ina, gaba da baya da gefe. LED kuwa gaba kawai yake haskawa, kuma mafi yawan haskensa a tsakiya yake. Wannan bambanci na sauya komai.

A koma ga kwanon nan mai baki santimita 20. Idan aka sa masa ƙwai mai watsa haske ko'ina, kashi 80 cikin 100 na hasken zai bugi kwanon, kashi 20 ne zai fice ta baki kai tsaye. Idan aka sa LED mai fuskantar gaba a wannan matattara, kashi 64 zai fice bai taɓa kwanon ba, kashi 36 kawai za a sarrafa. Gindin kwanon ma zaman banza zai yi, tunda babu hasken da ke zuwa masa. Shi ya sa kwanon tocilar LED ke da zurfi da tsukakken gindi, kuma shi ya sa masana'antu da yawa suka koma amfani da gilashi ko roba mai tattara haske a gaban LED. Wata mafita ita ce a juya LED ya fuskanci kwanon, ya bai wa waje baya. A nan kwano marar zurfi ma na kama mafi yawan hasken, sai dai ƙarfen da ke zuƙe zafin LED ɗin zai tare wani ɓangare na hanya.

Matsalar fitilun mota ma daga nan take. Ƙwan halojin samfurin H4 yana da filamen biyu, mai wat 60 na ful da mai wat 55 na dim. Filamen ɗin dim yana ɗan gaba da matattara, kuma akwai ƙaramin murfin ƙarfe a ƙarƙashinsa da ke hana haske zuwa rabin kwano na ƙasa. Rabin sama kaɗai ke aiki, shi kuma ƙasa yake tura haske, kan kwalta. An ƙera kwanon ne bisa tsawon wannan filamen da matsayinsa, har zuwa ƙasa da milimita. Idan aka cire shi aka sa ƙwan LED ko na zenon da wurin haskensa ya bambanta a girma ko matsayi, wani ɓangare na hasken zai haura sama ya shiga idon mai tahowa, wani ya zube dab da gaban mota. Mai motar na ganin gabansa ya yi fari tas, ya ɗauka ya ci riba, alhali wannan farin na kusa yana sa idonsa ya kasa ganin nesa. A Birtaniya motar da aka yi wa irin wannan sauyi kan faɗi gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ƙasashe da dama kuma suna da dokoki masu kama da haka. Fitilar da za ta hau hanya ba wurin gwada kwanon gida ba ne.

Yadda ake zana shi da abin da ake ƙera shi da shi

Zanen farabola ba ya da wuya. A ja layi a tsakiyar takarda. Ga kowane nisa daga layin, a ninka nisan sau kansa, a raba da ninki 4 na nisan matattara daga gindi, abin da ya fito shi ne tsayin kwano a wurin. A kwanon misalinmu ana rabawa da 10 ke nan: a santimita 2 daga tsakiya tsayin 0.4 ne, a 4 ya zama 1.6, a 6 ya zama 3.6, a 8 ya zama 6.4, a 10 kuma 10. A haɗa ɗigogin, a yanke a kwali mai kauri ko falange, an sami ma'aunin da za a riƙa ɗorawa a cikin kwanon ana duba lanƙwasarsa. Idan kuma akwai kwano a hannu ana son sanin matattararsa, a ninka faɗin baki sau kansa, a raba da ninki 16 na zurfinsa.

Wahalar tana wajen mayar da shimfiɗaɗɗen ƙarfe ya lanƙwasa ta fuska biyu. Masana'antu na yin haka da injin da ke juya faifan alminiyam ana danna shi a kan zubi. A gida hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yanka ƙarfen ɓangare-ɓangare, kowane ya tsuke a gindi ya buɗe a baki, a haɗa su da ribit a kan haƙarƙarin da aka yanka bisa ma'auni. Yawan ɓangarorin shi ne kusancinsa da farabola ta gaske. Wannan ba abin rainawa ba ne: a 1763 William Hutchinson ya sa wa hasumiyoyin haske na tashar jiragen ruwan Libaful kwanukan da aka jera ƙananan madubai a cikinsu. Tsohon kwanon satilayit ma farabola ce da aka riga aka ƙera, matattararsa kuma tana daidai inda na'urar kama tashoshi ke zama, don haka ya dace da LED mai fuskantar baya. Wanda ƙwansa dogon bututun halojin ne, kamar mai wat 500 ɗin nan mai tsawon milimita 118, aikinsa ya fi na kowa sauƙi. Lanƙwasa ɗaya yake bukata, kamar kwararo, wadda za ta matse hasken ta sama da ƙasa ta bar shi ya bazu hagu da dama.

Kuskuren lanƙwasa ninkuwa yake yi. Idan wani wuri ya kauce da digiri 1, hasken zai kauce da digiri 2, wato kusan mita 2 a nisan mita 50. Saboda haka santsin siffa ya fi sheƙi muhimmanci. Takardar alminiyam ta naɗe kaya tana mayar da haske da yawa, amma da zarar ta yamutse kowane ƙunci ya zama madubi mai fuskantar inda ya ga dama. Alminiyam da aka goge sosai na mayar da kashi 85 zuwa 90, azurfa ta fi haka amma tana dusashewa a iska. Kurom da ƙarfe marar tsatsa na ruɗar ido, domin duk sheƙinsu abin da suke mayarwa bai cika wuce kashi 65 ba. Farin fenti marar sheƙi na mayar da haske da yawa amma a warwatse, ya dace da haska ɗaki ko wurin ɗaukar hoto, bai dace da harbi nesa ba. Akwai kuma tsaka-tsaki: 'yan gurza-gurzan da ake yi wa cikin kwano da gangan, domin su narkar da hoton filamen kada a ga zobba da tabo a bango. Ana rasa ɗan nisa, a sami haske mai daɗin kallo.

Abu ɗaya da ba na so a manta: a yi mariƙin ƙwai wanda za a iya matsar da shi gaba da baya da milimita kaɗan. Komai kyan lissafi, sai an gwada ake samun matattara ta gaske.

Zafi da wuta

A nan ne wasa ke ƙarewa. Ƙwan filamen na mayar da kusan kashi 90 na wutar da ya ci zuwa zafi, kuma kwano na tattara zafin kamar yadda yake tattara haske. Gilashin ƙwan halojin sai ya wuce digiri 250 na ma'aunin Salshiyas kafin ya yi aiki yadda aka tsara shi. Kwali, da katako, da roba, da gam, da tef mai danƙo ba su da wuri kusa da shi. Ana bukatar soket na tangaran, waya mai jure zafi, da kafofin iska a ƙasa da sama. Ba a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu na haifar da tabon da zai raunana shi. Ƙwayayen zenon da danginsu na manyan filaye suna da matsin iska mai yawa a ciki, suna iya fashewa, wasunsu kuma na fitar da hasken UV mai cutar da ido da fata, don haka dole a rufe gabansu da gilashi mai jure zafi. Idan kwano na mayar da haske kan ƙwan kansa, kamar yadda ɓarin ƙwallo ke yi, zafin ƙwan na ƙaruwa, kwanansa na raguwa.

LED ta baya yake fitar da zafinsa. Mai wat 100 ba tare da babban ƙarfen zuƙe zafi da fanka ba zai ƙone cikin ɗan lokaci. Kwanon ƙarfe kuma yana ɗaukar wuta, don haka duk fitilar da ke aiki da wutar gida sai an haɗa jikinta da wayar ƙasa. Kada kuma a bar babban kwano mai sheƙi yana fuskantar rana, domin zai koma aikinsa na asali ya ƙona abin da ke matattararsa.

A ƙera ko a saya?

Masu cewa a saya suna da hujja. Kwanon masana'anta an daidaita shi da ƙwansa, an gwada shi da zafi, kuma ga ƙaramar fitila da wuya hannu ya kai ingancinsa. Masu ƙerawa kuma na cewa kasuwa ba ta tanadi kowace bukata ba: mai son haska doguwar siririyar hanya, ko faffaɗan bango, ko wurin aiki ba tare da haske ya shiga tagar maƙwabci ba, sau da yawa sai ya lanƙwasa ƙarfensa da kansa. Ni ina ganin girma ne ke raba gardamar. A ƙaramin kwano kuskuren milimita 1 na lalata komai, a babba kuwa ba ya yin tasiri sosai, don haka aikin hannu ya fi yin nasara a manyan kwanuka da kuma inda ake son baza haske cikin tsari.

Wanda ya ƙera yana da gwaji biyu. Na farko, a haska farin bango daga mita 5 zuwa 10, a riƙa matsar da ƙwan a hankali. Idan aka ga zobe mai duhu a tsakiya, ƙwan ya kauce wa matattara, a ci gaba da matsarwa har tabon ya tsuke iya tsukewarsa. Na biyu ana yinsa ne fitila a kashe. A kafa ta, a ja baya mita 10 ko fiye, a tsaya daidai gabanta a leƙa cikin kwanon. Duk inda aka ga hoton filamen, ko ruwan ɗorawar allon LED, ya cika wurin, wannan yanki na turo haske inda ake tsaye. Inda ya yi duhu ko ya nuna wani abu dabam, nan ne lanƙwasar ta kauce, kuma nan za a koma da ma'auni a gyara.